Murya da Dandamali: Nazarin Farin Jinin Fairuz a Wasan Kwaikwayon Waƙa na Labanon

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwar sana'a ta Fairuz, mawaƙiya kuma 'yar wasan dandamali ta ƙasar Labanon, da nufin gano inda farin jininta ya samo tushe. Hujjar da aka kafa ita ce zaƙin murya kaɗai bai isa ya bayyana matsayin da ta kai ba, domin wasannin kwaikwayon waƙa da ta fito a cikinsu tsakanin 1957 da 1977 su ne suka ɗinka mata rigar da jama'a suka san ta da ita, kamun kanta a wajen dandamali kuma shi ya hana rigar yagewa a lokacin da ƙasar ta rabu gida-gida.

Gabatarwa

A duniyar Larabawa ta ƙarni na 20, mata biyu ne ake fara ambata idan ana zancen waƙa, wato Ummu Kulsum ta Masar da Fairuz ta Labanon, kuma galibin abin da aka rubuta a kansu ya fi karkata ga murya da kiɗa. Wannan karkata ta dace da ta farkon, wadda ɗaukakarta ta ginu a kan doguwar waƙar da takan kai awa guda ana rerawa, amma ta tauye ta biyun, domin yawancin waƙoƙin Fairuz da ake saurare a yau a matsayin waƙoƙi masu zaman kansu an tsara su ne domin wani wuri takamaimai a cikin wasa, inda wata yarinya mai suna da labari take rera su ga sarki ko ga mutanen ƙauye. Wanda ya raba waƙar da wasanta zai ji daɗinta, sai dai ba zai gane abin da ya sa jama'ar da ba su yarda da juna a kan addini ko siyasa ba suka yarda da wannan mace ɗaya.

Wasan kwaikwayon waƙa, kamar yadda ake nufi da shi a nan, wasa ne da ake gabatarwa a gaban 'yan kallo kai tsaye, wanda ya haɗa zance da waƙa da rawa, kuma waƙar ce take ɗaukar nauyin labarin a wuraren da ya fi tsanani. Masar ta riga Labanon a wannan fanni tun zamanin Sayyid Darwish, wanda ya rasu a 1923, amma bayansa harkar ta koma fim, ta bar dandamali kusan babu kowa, har sai da 'yan'uwa biyu, Asi da Mansur Rahbani, suka farfaɗo da ita a Labanon.

Tasowa da horo

An haifi Nuhad Haddad, wadda daga baya aka sani da Fairuz, a tsakiyar shekarun 1930, ta kuma tashi a unguwar Zuƙaƙ al-Blat ta birnin Bairut, a gidan Kiristoci marasa ƙarfi, mahaifinta yana aiki a maɗaba'a. Tana 'yar makaranta Muhammad Fulaifil, wanda ya yi suna wajen tsara waƙoƙin kishin ƙasa, ya ji muryarta, ya sa ta cikin rukunin 'yan amshinsa, ya kai ta makarantar koyon kiɗa ta ƙasa, sannan ya karkatar da ita ga koyon tajwidi. Wannan horo ya bar alama a dukan abin da ta rera daga baya: kowane harafi yana fita daga mafitarsa, tsawon wasali ba ya cin gajerensa, numfashi kuma yana yankewa a inda ma'ana ta yanke. A dandamali, inda ɗan kallo na sahun ƙarshe yake bukatar jin kowace kalma domin ya bi labari, wannan tsabtar furuci jari ce babba.

Daga nan ta shiga gidan rediyon Labanon a matsayin 'yar amshi, inda shugaban sashen kiɗa, Halim al-Rumi, ya laƙaba mata sunan Fairuz, ya kuma haɗa ta da Asi Rahbani. Waƙar Itab ta 1952 ce ta fara fito da sunanta a ƙasashen Larabawa, a 1955 kuma ta auri Asi. Shi da ƙanensa Mansur, waɗanda dukansu sun taɓa aikin ɗan sanda kafin kiɗa ya riƙe su, sukan sa hannu a aikinsu da suna ɗaya, 'Yan'uwan Rahbani, ba tare da bayyana wanda ya rubuta baiti ko wanda ya ɗora masa kiɗa ba. Abin da suka zo da shi sabo shi ne gajeriyar waƙa ta minti uku zuwa biyar, da Larabcin mutanen Labanon, wadda ta haɗa kayan kiɗan gida irin su udu da buzuƙ da sarewa da kayan kiɗan Turai, ta kuma kauce wa maimaita baiti ɗaya sau da yawa don tayar da shauƙi, wanda shi ne ginshiƙin salon Masar da ake kira ɗarab.

Ba'albak da ƙirƙirar ƙauye

A 1956, zamanin shugaba Kamil Sham'un, aka kafa bikin ƙasa da ƙasa na Ba'albak a cikin kufan haikalin Rumawa da ke kwarin Biƙa, kuma da farko ƙungiyoyin wasa da kiɗa na Turai aka gayyato. A 1957 aka ƙara sashen da aka kira Dararen Labanon, aka damƙa shi ga Rahbani da wasu mawaƙan gida, kuma a nan Fairuz ta fara tsayawa a gaban babban taro. Ƙasar ba ta wuce shekara 14 da samun 'yanci ba, mulkinta kuma an gina shi a kan rabon muƙamai tsakanin ɗariƙun Kirista da Musulmi da Duruz, saboda haka hukuma tana neman wani hoto na ƙasa da kowa zai iya kallo ba tare da jin an ware shi ba.

Hoton da aka samar shi ne ƙauyen kan dutse, mai maɓuɓɓugar ruwa da 'yan mata ke ɗiba da tulu, da dandali, da dagaci, da gonar inabi, da rawar dabka, wato rawar da maza da mata ke yi a layi suna riƙe da hannun juna suna buga ƙafa a ƙasa. Wannan ƙauye ba shi da coci ko masallaci da ke raba mutanensa, rikicinsa kuma yakan ƙare da sulhu da biki. A wasan Jisr al-Ƙamar na 1962, ƙauyuka biyu ne ke gaba a kan ruwa, sai wata yarinya da aka yi wa sihiri, wadda Fairuz ta fito a matsayinta, ta zama sanadin sasanta su, kuma an yi wasan shekara 4 kacal bayan rikicin 1958 da ya kusa wargaza ƙasar. A Bayya' al-Khawatim na 1964, dagaci ne ya ƙirƙiro wani mugu mai suna Rajih don ya riƙa tsorata mutanensa yana nuna musu jaruntar ƙarya, ɓata-gari suka shiga aikata ɓarna da sunan wannan mutum da babu shi, har ranar da wani mai suna Rajih ya bayyana da gaske, ashe ɗan kasuwa ne mai sayar da zobba. Yusuf Shahin ya mayar da wasan fim a 1965, sannan Fairuz ta ƙara fitowa a fina-finai biyu, Safar Barlik a 1967 da Bint al-Haris a 1968, daga nan ba ta sake waiwayar fim ba.

Masana irin su Christopher Stone, a littafinsa na 2008 kan Fairuz da Rahbani da kishin ƙasa a Labanon, sun nuna cewa wannan ƙauye ƙauyen Dutsen Labanon ne, yankin da Kiristoci suka fi yawa, kuma an gabatar da al'adunsa a matsayin al'adun ƙasa baki ɗaya, alhali talakan kudu da na Biƙa da na unguwannin bayan Bairut ba su ga kansu sosai a ciki ba. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma bai kamata ƙaunar waƙoƙin ta sa a kauda kai daga gare ta ba. Duk da haka, ita kanta sukar tana bukatar a bayyana yadda aka yi waɗanda aka bari a waje suka rungumi hoton, kuma amsar tana wajen macen da ke tsakiyarsa.

Yarinyar da ke fuskantar sarki

Idan aka jera matsayin da Fairuz ta fito a cikinsu, za a ga suna canjawa amma hali ɗaya ne yake dawowa: yarinya ce marar dukiya da dangi masu ƙarfi, sau da yawa baƙuwa ko marainiya, wadda take faɗin abin da kowa ya sani amma yake tsoron furtawa. Daga 1967, lokacin da yawancin wasannin suka koma gidan wasa na Piccadilly da ke unguwar Hamra a Bairut, kuma shekarar da Larabawa suka sha kaye a yaƙin watan Yuni, labaran sun bar ƙauye sun shiga birni da fada, zolayar masu mulki ta ƙaru.

Sah al-Naum na 1970 shi ne misali mafi bayyana. Wani gwamna ne da ke barci wata guda cur, ba ya farkawa sai daren da wata ya cika, ya buga hatimi a kan takardun koke guda uku, ya koma barci, jama'a kuma su ci gaba da jira. Ƙurunful, yarinyar da Fairuz ta fito a matsayinta, wadda bukatarta ba ta wuce izinin yi wa ɗakinta rufi ba, ta ɗauke hatimin, ta buga shi a kan dukan takardun da suka taru, garin ya motsa, aka shiga gini da sana'a. Da asiri ya tonu, waɗanda suka ci moriyar abin da ta yi su ne suka fara juya mata baya. Duk wanda ya taɓa zaman jiran sa hannu a ofishin gwamnati, a kowace ƙasa, ya san gwamnan nan, kuma darajar wasan ita ce bai tsaya ga zargin mai mulki ba, ya haɗa da talakawan da suka saba da barcinsa.

A Naɗurat al-Mafatih na 1972, zaluncin sarki ne ya sa mutanen masarauta suka yi ƙaura gaba ɗaya, suka bar makullan gidajensu a hannun Zad al-Khair, ita kaɗai ta rage tare da sarkin da ba shi da wanda zai mulka. A al-Mahaɗɗa na 1973, wata baƙuwa mai suna Warda ta tsaya a gonar dankali ta ce nan tashar jirgin ƙasa ce, aka yi mata dariya, sannu a hankali aka gaskata, wani ɓarawo ya shiga sayar da tikiti, hukuma ta shigo, kuma a ƙarshe jirgin ya iso ya kwashi kowa ban da ita, domin ba ta da tikiti. Shekara 2 bayan wannan wasa yaƙin basasa ya ɓarke, dubban ɗaruruwan mutane suka fice daga ƙasar, Fairuz ta zauna, kuma 'yan kallo ba su bukaci wani ya nuna musu kamar da ke tsakanin mai riƙon makullai da matar da ta fito a matsayinta ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan fasaharta ta wasa, wadda aka fi yi wa rashin adalci. Masu sukarta sukan ce ba ta motsi, fuskarta ba ta canjawa, tana tsaye ƙyam hannuwa a gefe, don haka mawaƙiya ce da aka sa a cikin wasa. Wannan hukunci ya ɗauki yawan motsi a matsayin ma'aunin iya wasa. A dandamalin Rahbani kowa yana motsi: masu dabka suna zagaye, Nasri Shamsuddin yana cika wuri da muryarsa ta dattijo, Antwan Kirbaj yana tsawa a matsayin sarki ko azzalumi, Filimon Wahbi yana ba da dariya. A tsakiyar wannan hayaniya, mutum ɗaya da bai motsa ba shi ido yake komawa gare shi, kuma abin da wasu 'yan wasa ke yi da hannu da gira, ita da murya take yinsa, ta hanyar sassauta ta har ta kusa zama raɗa a inda ake tsammanin ƙara, ko jinkirta kalmar ƙarshe ta jimla kaɗan. Faifan sautin wasannin, waɗanda ta hanyarsu ne akasarin masoyanta suka san labaran, sun kuma nuna cewa tana da gwanintar barkwanci, musamman a musayar zance da masu mulki, inda take jefa magana mai kaifi da muryar wadda kamar ba ta san nauyin abin da ta faɗa ba.

Kamun kai a wajen dandamali

Halin da aka gina a cikin wasa da bai daɗe ba in da rayuwar mai shi ta ƙaryata shi. Fairuz ta yi wa birane da ƙasashe waƙa, Bairut da Dimashƙ da Bagadaza da Makka da Ƙudus, kuma Zahrat al-Mada'in, wadda ta yi wa Ƙudus bayan yaƙin 1967, tana cikin waƙoƙin da aka fi dangantawa da batun Falasɗinu har yau. Sai dai ta ƙi yi wa shugaba ko sarki waƙar yabo, ta kuma ƙi yin wasa na keɓe a fada. A ƙarshen shekarun 1960 an dakatar da sa waƙoƙinta a rediyon Labanon na tsawon wata 6 saboda ta ƙi rera waƙa a liyafar da aka shirya wa shugaban Aljeriya Hawari Bumadyan. A yankin da mawaƙa da yawa suka rayu a inuwar masu mulki, wannan ƙi ya ƙara mata kwarjini fiye da duk wata lambar yabo. Ba ta cika hira da 'yan jarida ba, ba a ganinta a tarukan manya, kuma abin da jama'a suka sani game da ra'ayinta bai wuce abin da ta rera ba.

Yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990 ya gwada wannan matsayi. Bairut ta rabu gabas da yamma, kowane ɓangare yana da mayaƙansa da gidan rediyonsa, kuma dukansu suna sa waƙoƙinta da safe, al'adar da ta bazu har Siriya da Jodan da Falasɗinu. Bayan wasan Petra, wanda aka fara nunawa a Amman a 1977, inda ta fito a matsayin sarauniyar da ta zaɓi ƙasarta a kan ran 'yarta, ta daina hawa dandamali a cikin Labanon, don kada tsayuwarta a wani yanki ta zama goyon bayan masu riƙe da shi. Ta ci gaba da wasa a waje, a Landan da Paris da sauran birane, inda 'yan Labanon mazauna ƙetare suke cika zaure, kuma faifanta ya bi su duk inda suka yi zango, har da garuruwan Afirka ta Yamma irin su Dakar da Abijan da Kano. Ba ta koma gaban taron gida ba sai a Satumban 1994, a Dandalin Shahidai na tsakiyar Bairut, a kan layin da ya raba birnin, sannan ta koma Ba'albak a 1998.

Shirun nan yana da fuska biyu. Ya kare ta daga zama mallakar wani ɓangare, amma ya kuma ba kowane ɓangare damar jin cewa ƙasar da take rerawa ita ce tasa, har mai harbi ya saurare ta da safe ya fita aikinsa da rana. Waƙa ba ta hana yaƙi ba, kuma ɗora mata wannan nauyi zalunci ne. Abin da ta yi shi ne ajiye wa mutane wani abu guda da suka yi tarayya a kai, a lokacin da kuɗin ƙasa da sojanta da majalisarta duk suka rasa wannan matsayi.

Bayan Rahbani

A 1972 Asi ya yi fama da zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma yana jinya ɗansu Ziyad, wanda aka haifa a 1956, ya tsara wa mahaifiyarsa waƙa a karo na farko, aka sa ta a al-Mahaɗɗa. A 1979 haɗin aiki da zaman aure tsakanin Fairuz da Asi suka zo ƙarshe, shi kuma ya rasu a 1986. Da yawa sun zaci cewa ba tare da 'yan'uwan biyu ba babu Fairuz, wato ita kayan kiɗa ce kawai a hannunsu. Abin da ya biyo baya ya rushe wannan zato, domin tare da Ziyad ta fitar da Wahdun a 1979 da Ma'rifti Fik a 1987 da Kifak Inta a 1991, inda kiɗan jaz ya shigo, harshen ya zama na titin Bairut, mai magana a cikin waƙar kuma ta tashi daga yarinyar bakin maɓuɓɓuga ta koma mace babba da ta san gajiya da rabuwa. Tsofaffin masoya da dama sun ji haushi, suna ganin an sauko da ita daga inda suka ɗora ta, amma wannan mataki ne ya kawo mata matasan da suka tashi cikin yaƙi, waɗanda ƙauyen dabka bai yi kama da komai a rayuwarsu ba. Mace mai shekara fiye da 50 da ta yarda ta saɓa wa hoton da ya ɗaukaka ta ta nuna cewa tana da hannu a zaɓin abin da take rerawa tun asali.

Komawarta wasan kwaikwayo ta zo a 2006 da sabunta Sah al-Naum, wanda aka shirya nunawa a Ba'albak, yaƙin Isra'ila da Hizbullah na watan Yuli ya hana, sai a Disamba aka nuna shi a Bairut. Da ta kai shi Dimashƙ a 2008, wasu 'yan siyasar Labanon masu adawa da gwamnatin Siriya sun nemi kada ta je, wasu kuma suka ce wasan gwamna mai barci a wannan birni shi kansa magana ce. Ba ta ba kowa amsa ba. Ziyarar da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya kai gidanta a ƙarshen Agustan 2020, makonni bayan fashewar tashar jiragen ruwan Bairut, kafin ya gana da shugabannin siyasa, ta nuna cewa har baƙi sun fahimci inda amincewar jama'a ta rage.

Wasannin kansu suna cikin wani hali na daban. Bayan rasuwar Mansur a 2009, saɓani ya taso tsakanin magadansa da ɓangaren Fairuz a kan haƙƙin mallakar ayyukan da aka sa wa hannu da sunan 'yan'uwan biyu, kuma a 2010 wannan saɓani ya hana sake nuna wasan Ya'ish Ya'ish, har masoyanta suka yi zaman nuna goyon baya a Bairut. Sa hannun haɗin gwiwa da ya zama alamar zumuncin Asi da Mansur shi ya sa raba gadon ya yi wuya. Ga kuma matsala ta biyu, wadda ta fi ta shari'a zurfi: an rubuta Ƙurunful da Warda da Zad al-Khair ne a kan muryar mace ɗaya da tsayuwarta, 'yan kallo kuma sun haɗe su da ita har ba sa karɓar wata a wurin. Fairuz ta daina fitowa wasa tun 2011, Ziyad ya rasu a Yulin 2025, kuma makarantun koyar da wasan kwaikwayo na ƙasashen Larabawa suna da aikin fitar da waɗannan rubuce-rubuce daga faifai, a nazarce su a matsayin adabin dandamali, a kuma horar da 'yan wasan da za su iya ɗaukarsu da tasu muryar.